Bangon da Ba Ya Son Ruwa

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da abokin aikina, wanda ya fi shekara goma yana kwaɓa mini siminti. Ku da kuka dame ni da saƙo kuna tambayar inda na ɓace mako guda, to Gombe na je, ga kuma yadda aka yi. Kafin in fita maiɗakina ta taka 'yar kujera ta sauko da filas daga kan kantar kicin, ta cika mana shi da shayi. Na ce mata kwana biyu zan yi. Ta dube ni ta ce in dai ɗauki kaya kala huɗu. Na ɗauki biyu don ta san ni ne maigida.

Wayar Yaya ce ta tashe ni. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni, aure ya kai ta Gombe tun ina firamare, tana zaune a unguwar Madaki. Mijinta, wanda duk muke kira Malam, malamin koyar da aikin katako ne a makarantar sakandare, ya rasu shekara biyu ke nan. Ta ce tayil ɗin kicin ɗinta sun fara tsagewa suna faɗowa, ta sa an ɓamɓare su, masu ɓamɓarar kuma sun yi wa bangon rauni.

"Duk wanda na kira sai ya ce a rushe a ɗora bulo," in ji ta. "Ni kuwa, Auta, bangon nan Malam ne ya yi shi da hannunsa. Ba na so ya faɗi. Ka zo ka gyara mini shi yana tsaye."

Tun daga nan kaina ya fara ɗaurewa. Shekarata ashirin da wani abu ina gini, ban taɓa jin an rushe bango don an cire masa tayil ba. Ai filasta ce ta ɓare, a mayar da ita, shi ke nan. Na ce a raina maginan Gombe sun ga mace ita kaɗai suna so su ƙirƙiro wa kansu aiki. Na ɗauki cokalin ginina da igiyar awo, ina jin kaina.

A tasha kuɗin mota ya ƙaru har abokin aikina ya tambayi ɗan kamasho ko har da abincin rana a ciki. Muka bi ta Wudil, muka wuce Birnin Kudu da Gwaram. Lokacin bazara ne, zafi ya fara tun rana ba ta yi sama ba, duk garin da muka ratsa tulin mangwaro ne a bakin titi. A Darazo aka tsaya cin abinci. Na ci shinkafa da wake da mai da yaji, abokin aikina ya ci irin nawa ya ƙara da tsire, ya koma mota ya kama barci. Na yi masa hassada, don daga Darazo zuwa Dukku ba hanyar barci ba ce. Direbanmu ya fi tafiya a gefen titi fiye da kan titin, yana kauce wa rami yana faɗawa ƙaninsa. Wata tsohuwa a bayana duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati, har na fara yi mata amshi.

Da muka hau gadar kogi wajen Gombe Abba kowa ya leƙa yana neman ruwa, ni kuwa yashin nake kallo. Yashi ne mai kyau, wankakke, irin wanda a Kano sai ka yi ta roƙon mai tifa kafin ka samu. A Dukku muka sha fura da nono a hannun matan Fulani. Kalma ɗaya na sani a Fillanci, wato "jam", na yi ta maimaita ta ga duk abin da aka ce mini. Daga dariyar da suka yi na gane akwai inda na amsa abin da ba gaisuwa ba.

Gombe gari ne da ake gangarawa cikinsa. Kana tafe sai ka ga rufin kwano shimfiɗe a ƙasanka, tuddai sun kewaye shi. Muka sauka a tashar Dukku bayan azahar, muka hau keke mai ƙafa uku. Titunan cikin gari kam a yaba musu, har lunguna an zuba kwalta. Amma mutanen Gombe in suka ce maka "nan ne kusa", ka gyara zama. Rabona da gidan Yaya tun rasuwar Malam, an yi sababbin gine-gine, sai da muka zaga layi ɗaya sau biyu kafin na gane bishiyar darbejiyar ƙofar gidan.

Yaya ta tarbe mu da ruwan randa da tuwon shinkafa miyar taushe. Ta faɗa, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. A gaban abokin aikina ta kira ni Auta, ni da nake da 'ya'ya biyar, ya sunkuyar da kai yana dariya cikin kwano. Muna gama ci na ce a nuna mini mara lafiyan.

Na shiga kicin na tsaya. Bangon duk ya sha rauni, amma ba irin raunin da na sani ba. Maimakon toka-tokar siminti, sai na ga farin gari kamar alli, da wata takarda ruwan ƙasa tana reto a wurare. Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya amsa mini kamar ganga. Na zaga ta tsakar gida na ƙwanƙwasa ta can, haka nan. Ashe ba bulo ba ne. Allon silin ne, irin na farin gari da ake dannewa tsakanin takarda biyu, Malam ya tayar da shi tsaye ya ɗaure a jikin katako. Yaya ta ce wurin da ƙarshen baranda ne, nan take girki, in ruwan sama ya zo da iska har cikin tukunya yake shiga. Wani dogon hutu Malam ya zage ya kewaye mata shi, shi kaɗai, ya manna tayil ya kafa kanta.

Ni a sama na san allon nan, kuma ko a saman ba aikina ba ne, na masu POP ne, masu aikin silin. Abin da ya kamata in faɗa ke nan. Amma yayata tana tsaye tana kallona irin kallon da ake yi wa likita, abokin aikina yana bayana. Sai na ji bakina ya ce, "Yaya, wannan ai aikin rabin yini ne."

Can sama, inda aka cire kantar, akwai wani dogon layi na fensir da ɗan rubutu a kansa. Na matsa na karanta: "iya hannunta". Ban kawo komai a raina ba. Kowane ma'aikaci yana zane a bango, ni kaina na sha rubuta lambar mai tifa a jikin bulo. Yaya ta nuna wajen da haɓa ta ce in yi a hankali da nan. Na ce to, ina zaton wayar wuta take nufi.

Washegari Juma'a muka fara da sassafe. Duk maginin da ke karanta wannan ya san darasin farko: ba a yi wa busasshen bango filasta. Sai ka jiƙa shi ya sha ya ƙoshi, in ba haka ba ya zuƙe ruwan simintin, filastar ta tsattsage. Maigidan da ya koya mini aiki har ranƙwashi na sha a kan wannan. Don haka na ɗauki kwano na fara watsa wa bangon Malam ruwa. Kafin in juya ya shanye. Na ce kai, wannan bango da ƙishirwa yake, na ƙara masa. Ya sake shanyewa. Abokin aikina ya shinshina ya ce, "Oga, ni fa warin jiƙaƙƙen kwali nake ji." Na ce masa ya kwaɓa abin da aka ce ya kwaɓa.

Bokiti biyu bangon ya sha. Na ɗora masa siminti mai kauri daga ƙasa zuwa daidai ƙirjina, na goge ya yi sumul, na ja da baya ina yaba kaina. Muka yi wanka muka tafi masallaci.

Da muka dawo, filastata tana ƙasa. Gaba ɗayanta ta zame ta zauna a daɓe, ta tafi da fuskar allon. A tsakiya ga rami wanda kan mutum zai shiga, ta cikinsa ina hango tsakar gida, wata kazar Yaya ta leƙo tana kallona. Na taɓa gefen ramin, yatsana ya nutse kamar a cikin tuwo. Na rasa ta inda zan fara tunani. Na jiƙa, na kwaɓa daidai, na ɗora daidai, to mene ne ban yi ba? Sannan na lura da abin da ya fi ramin muni. Danshi yana hawa sama, ya yi wa takardar baƙin zane, tsakaninsa da layin fensir ɗin nan bai fi tafin hannu ba.

Yaya ta shigo. Ba ta dubi ramin ba, ba ta dubi simintin ba. Kai tsaye ta je ta ɗaga kai tana kallon rubutun, ta daɗe. Sannan ta ce, "Abincinku yana falo." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na kasa cin abincin. Bayan la'asar na same ta a baranda tana tsince shinkafa, na zauna a ƙasa na tambaye ta rubutun mene ne. Ta ce ai na san ta, ba tsawo gare ta ba. Duk gidan hayar da suka zauna kanta ta fi ƙarfinta, sai ta taka turmi take ɗauko gishiri. Ranar da Malam zai kafa wannan, tana tsakiyar tuƙa tuwo ya kira ta, ya ce ta ajiye muciya ta zo ta miƙa hannu. Ta miƙa tana mita tuwonta zai kama, ya ja layi daidai kan yatsunta.

"Layin na sani," ta ce. "Amma ban san ya yi rubutu ba. Shekara nawa kanta ta rufe shi. Sai makon jiya da aka cire ta na gani."

Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun ina yaro. Matar nan ta kori maginan gari guda don kada a taɓa mata kalma biyu, ta aika Kano aka kawo mata ɗan'uwanta, shi kuma ya zo da bokiti.

Ranar Asabar na shiga babbar kasuwar Gombe neman mafita, ban ma san sunan abin da nake nema ba. Na ce allon silin, aka tura ni wajen masu kwano. Masu kwano suka tura ni wajen masu katako, masu katako suka ce in koma inda na fito in yi dama. 'Yan dako suna ta "hanya, hanya", zafi kamar ana gasa mutum, na wuce mai sayar da agogon bango ɗaya har sau uku, a na ukun ya ba ni kujera. A ƙarshe na faɗa shagon wata mata, ga allunan jingine a bango.

"Oga, wanne kake so? Akwai nomal, akwai na wajen ruwa, mai koren baya."

Na ce ashe har iri-iri ne. Ta tambayi aikin, na ba ta labari tsakani da Allah. Da na zo wajen bokiti biyu sai ta dafa tebur tana dariya, ta ƙwala wa maƙwabcinta kira ya zo ya ji. Na tsaya na shanye. Da ta gama ta share hawaye ta ce kada in sayi komai tukuna, in je Herwagana in nemi wani dattijo, Baba mai POP, gidansa yana bayan coci.

Abin da ba ta gaya mini ba shi ne coci a Herwagana ba ɗaya ba ne. A layin da ɗan acaba ya sauke ni kaɗai na ƙirga uku, kowanne kuma yana da baya. Unguwa ce mai cike da masu sana'a, nan mai walda, nan tela, nan mata suna suyar ƙosai, daga wani cocin ana jin mata suna gwajin waƙar gobe. Duk wanda na tambaya ya san Baba, kowa kuma da inda yake nunawa. Wata mai sayar da kunun zaƙi ce ta gaji da ganina ta rufe robarta ta raka ni har ƙofa.

Na same shi a inuwa yana kankare wani ƙarfen shafe bango. Dattijo ne siriri, mutumin wajen Kaltungo, farin gari ya zauna masa a gefen farce. Matarsa ta kawo mini ruwa, na gaishe shi, na karanta masa laifina.

"Ka ba shi ruwa?"

"Na ba shi, Baba."

"Kamar yaya?"

"Bokiti biyu."

Ya ajiye ƙarfen ya dube ni. "Mutumin Kano, gona ka ɗauka?"

Ya shiga ya ɗauko jakarsa. A gidan Yaya ya gaishe ta da girmamawa, ya yi mata ta'aziyyar Malam ko da yake bai san shi ba, sannan ya shiga kicin. Ya bi bangon da babban yatsa, taki bayan taki, yana dannawa yana saurare. Ya leƙa ta ramin ya ga katakon ciki ya ce wanda ya yi wannan ya san aiki, kowane tsakani daidai yake da ɗan'uwansa. Yaya tana bakin ƙofa, na ga ta gyara tsayuwa.

Ya ce ƙasan ya mutu, babu batun ceto, kuma yanzu za a yanke shi kafin danshin ya ƙara hawa. Ya ja layi a miƙe ya yanka da wuƙa, muka ciro ruɓaɓɓen muka fitar. Saman kuwa, inda rubutun yake, ya ce ya sha danshi amma bai san iya zurfinsa ba. A buɗe ƙofa da taga, a kunna fanka, kada kowa ya taɓa.

"Gobe Lahadi, ina coci. Litinin za mu gani ko zai rayu. In ya yi laushi, Mama, sai haƙuri, shi ma fita zai yi."

Zai tafi ya hango cokalin ginina a kan taga. Ya ɗauka ya jefa cikin jakarsa, ya ce zai riƙe mini shi zuwa Litinin don kada zuciya ta ja ni.

Ban taɓa ganin doguwar Lahadi irin wannan ba. Abokin aikina ya tafi yawon ganin gari, ya dawo da labarin masar Gombe da ledar mangwaro. Ni ko ƙofar gida ban taka ba. Wajen hantsi aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Na rasa abin yi, sai na ɗauki faifan Yaya na hau kujera na kama yi wa bango fifita. Ƙato da ni, mai gemu, magini. Maƙwabciyarta ta shigo aron rariya ta gan ni, ta yi sallama ta fita ba ta karɓi rariyar ba. Da hannuna ya gaji Yaya ta karɓa, muka yi ta karɓa-karɓa har aka dawo da wuta bayan la'asar. A karon farko na gode wa Allah da zafin Gombe.

Litinin da safe Baba ya zo. Ya danna, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ya danna dab da rubutun. Ya juyo ya ce, "Ya rayu." Yaya ta ce alhamdulillahi a hankali, ta juya ta koma ɗaki, ta jima ba ta fito ba.

Daga nan na koma ɗan koyo, kuma kome Baba ya ce sai in ji kishiyar abin da na sani ne. Mu muna jiƙawa, shi yana busarwa. Mu muna ɗorawa da kauri, shi yana shafawa siriri har kana hango abin da ke ƙasa. Da farko ya sa na kankare busasshen gam ɗin tsofaffin tayil a hankali, wuƙa a kwance. Duk inda takarda ta yage tana reto ya yanke ta da reza, ya shafe wurin da farin gam na kafintoci, ya ce in ba a toshe bakin takardar ba, tana jin danshin garin da za a shafa za ta kumbura. Na koma shagon matar nan na sayo allo mai koren baya, ta tambaye ni ko in haɗa da bokiti. Baba ya ƙara guntayen katako ta ciki, ya yanka sabon allon daidai gurbin, ya ɗaure da ƙusoshi masu murɗi, ya manna wata siririyar raga a kan mahaɗin don kada ya tsage. Sannan ya kwaɓa garinsa ɗan kaɗan a roba, ya shafa, ya wanke hannu ya zauna.

Na ce, "Baba, sai me?"

Ya ce, "Sai jira."

Jiran nan ya fi komai ba ni wahala. A shafa, a jira ya bushe, a goge da samfefa, a sake shafawa. Har sau uku. A shafi na biyu ya miƙo mini ƙarfen, na ciko shi kamar yadda na saba, ya buge mini hannu ya ce ba katanga nake yi ba. Abokin aikina, da ba a bar shi ya kwaɓa ko cokali ɗaya ba, ya zama mai riƙe roba, yana ta tambayata a ɓoye ko wannan ma gini ne. Na ce masa ni ma ban sani ba.

Ranar Talata shafin ƙarshe ya iso wajen rubutun. Ƙarfen yana hannuna, na tsaya. Ban san yadda ake gyara bango a bar wani wuri ba a gyara ba. Baba ya karɓa, ya kewaye layin da kalmomin biyu da salatif, ya shafe ko'ina ya bar nan. Da ya bushe ya ɗaye, ya shafa wa wurin man nan na kafintoci da ake ganin abu ta cikinsa, ya ce ko tururin tukunya ba zai ci shi ba. Ya mayar mini da cokalina, muka yi sallama, ya ce in gaida Kano kuma in bar ruwa ga masu lambu.

Laraba na manna sababbin tayil a ƙasa, wannan kam aikina ne, ban kunyata ba. Saura kanta. Na ɗauko ta zan mayar a kan layin Malam, sai na ga in ta hau nan za ta sake rufe rubutun. Na tsaya da katako a hannu na rasa yadda zan yi. Na kira Yaya, tana can waje tana girki a kan gawayi tunda kicin ya tashi.

Ta zo tana goge hannu a zani. Ta dubi layin, ta yi ɗan murmushi, ta miƙa hannu kamar yadda ta yi a wancan lokacin. Yatsunta ba su kai ba. Ta ƙara miƙewa, saura wajen yatsa uku.

Kaina ya sake ɗaurewa. Na ce ba zai yiwu ba, ko daɓen ne ya sauka? Na ɗauko igiyar awo na durƙusa ina aune-aune, na duba ko bangon ne ya ɗaga da muka ɗaure sabon allo. Ba abin da ya motsa, daɓen nan ko taɓa shi ba mu yi ba. Ina durƙushe na ɗaga kai na gan ta, kafaɗa ta ranƙwafa, hannun da ya goye ni yana miƙe a sama. Sai na naɗe igiyar.

Ita ce ta fara dariya, idonta cike da ƙwalla. "Bar wahalar da kanka, Auta, ba daɓe ba ne. Sauke ta. Da Malam yana nan da tuni ya sauke."

Na ja sabon layi daidai kan yatsunta, na kafa kantar a nan. Ta jera gishiri da daddawa da kofuna gefe da gefe, rubutun ya zauna a saman kantar, a fili, inda za ta riƙa ganinsa duk lokacin da ta ɗaga kai. Ranar a cikin kicin ta ƙarasa miyarta.

Alhamis da sassafe muka kamo hanya, da ƙullin masa da kuka da Yaya ta cusa mana. Ramukan Dukku suna nan inda muka bar su. Abokin aikina ya yi barcinsa, ni kuwa har Wudil ina juya abin a raina. Na je Gombe da tabbacin na san bango, na dawo na san iri ɗaya kawai na sani. Jiƙa bangon da ya cece ni shekara ashirin shi ya kusa rushe abin da yayata ta fi so a gidanta, kuma da na ce "ban iya ba" tun ranar farko da ba a kai ga fifita da faifai ba. Ga 'yan'uwana magina: in kuka ƙwanƙwasa bango ya amsa kamar ganga, ku ajiye kwanon ruwa ku nemi masu abin. In kuma mai gida ta ce a yi a hankali da wani wuri, ku tambaye ta dalili.

Na iso gida bayan la'asar da kaya kala biyu da suka koma kalar farin gari. Maiɗakina ta dube su, ta dube ni. Ta shiga kicin za ta haɗa mini abinci, na bi ta ina ba ta labari. Sai na ga ta jawo 'yar kujerar nan da ƙafa, ta taka, ta miƙa tana laluben gwangwanin gishiri. Ni na kafa kantar nan da hannuna shekarar da muka tare, kuma daidai tsayina na auna ta.

Na laluba aljihu, fensirin da na ja wa Yaya layi yana nan. Na ce mata ta sauko ta ajiye ludayin, ta zo ta miƙa hannu a jikin bango.

Ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Ke dai miƙa."